Littafin Wankan Duna

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Yau kwana tara da Yaya ya tattara ya koma Abuja ya bar mini karensa Duna. Gidan hayar da ya samu can ba a yarda da kare ba. Ni kuwa inda na yi gini, nan bayan Samaru, tsakanina da maƙwabcin da ya fi kusa akwai kangwaye biyu da gonar masara, shi ya sa da ya ce in riƙe shi ban ja ba. Duna ruwa biyu ne, uwarsa karyar gida, ubansa irin karnukan nan na 'yan sanda. Ya ɗauko baƙin uban da cikar gashinsa, ya ɗauko siririn jikin uwar. Shekararsa uku. Da na tambayi Yaya batun wanka, ya ce sau biyu ya san an taɓa yi masa, duka da garin sabulun wanki, yana ɗaure ana sheƙa masa ruwa daga nesa.

Jiya da daddare na ji sarƙarsa na ta ƙara ba ƙaƙƙautawa, na fita da tocila. Ashe susa yake yi. Na haska cikin kunnensa na hagu, sai ga kaska jere har ba a ganin fata, wasu ƙanana jajaye, wasu sun sha sun kumbura sun koma ruwan toka kamar ƙwayar wake. Tsakanin yatsunsa ma haka. Gwiwoyinsa na gaba duk gashin ya zube. Na koma ɗaki barci ya ƙi zuwa. Dabbar da ke kwana ido biyu don mu mu yi barci, a ce ana shan jininta a ƙofar ɗakina ban sani ba. Na ƙudurta zan gyara shi, kuma zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya biyo baya, don kada in yi ta maimaita abin da ba ya aiki.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Na yi gaggawa. Da hantsi na ɗauko hantsaki na tsuguna gabansa na kama kunnen, alhali ko sabawa da hannuna bai yi ba. Ta farko da ta biyu ya daure. A ta uku ya yi gurnani, ban saurara ba, sai ya juyo ya kafta mini haƙori a bayan hannu. Bai kama ya riƙe ba, gargaɗi ne kawai, amma fata ta yage, jini ya fito. Na tsaya bakin famfo ina wankewa da sabulu har minti 15, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke cewa a yi, sannan na ɗauki katin allurarsa na tafi asibiti. Katin ya nuna rabonsa da rigakafin haukan kare ya kusa shekara biyu. Suka fara mini allura, suka ce a tsare karen a sa masa ido kwana 10. Wannan ciwo in ya riga ya bayyana a jikin mutum ba a tashi, don haka ban tsaya sauraron masu cewa ai karen gida ne ba.

Da na dawo uwargida ta dubi hannun ta ce, "Malam, a bar ma batun cizon. Yanzu da hannun nan za ka riƙa cakuɗa kare, ka zo ka yi alwala, ka sa shi a kwanon abinci?" Ban ba ta amsa ba, don tambayar tana damuna ni ma.

Talata, 6 ga Fabrairu

Bayan sallar isha na tsaya da limamin unguwarmu na faɗa masa komai. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda muka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a cikinta, ya ce bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya su ne ke ɗaukarsa najasa mai kauri, kuma ya ce in san da haka don in girmama wanda ke ƙyama. Ya ƙara da labarin da masu sharhin Risala ke kawowa, cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarshen maganarsa: in dai ka ɗaure dabba, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyanka.

Mun yi sulhu da uwargida a kan haka: Duna ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa madafa. Bokitinsa da moɗarsa da sosonsa daban, na shafa musu jan fenti. Na ware tsohuwar riga da wando na aikinsa, suna rataye a bayan gida.

Kwanakin tsarewar nan ba zan bar su su tafi a banza ba. Kullum da yamma zan ɗauki kujera in zauna kusa da shi, ni zan riƙa ba shi abinci, ba yara ba.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Kwana goma sun cika jiya, yana nan lafiya, yana ci yana sha. Zaman yamman nan ya yi amfani fiye da yadda na zata. A rana ta huɗu ya yarda na shafa wuyansa, a ta bakwai na ɗaga ƙafarsa na ajiye bai janye ba.

Yau na kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Masu keke uku suka ƙi ɗaukarmu, na huɗu ya yarda da ya ga takunkumi a bakinsa. Nauyinsa kilo 19, likita ya ce ya gaza wa ƙashinsa. Zafin jikinsa 39, na tsorata, sai likita ya ce na kare dama daga 38 zuwa 39 yake, ba kamar namu ba. Ya ɗaga leɓensa ya nuna mini dasashi, ya yi fari-fari maimakon ja. Aka ɗebi jini aka duba, aka yi sa'a ba a ga cutar da kaska ke sakawa a jini ba, ƙarancin jinin na yawan tsotso ne da tsutsar ciki. Aka ba shi maganin tsutsa, aka yi masa rigakafin hauka.

Gwiwoyin nan da na ɗauka ƙazuwa ce, likita ya kankari fatar ya duba a madubin ƙara girma bai ga komai ba. Kanta ce, ta kwanciya a kan busasshen siminti. Na gode Allah ban bi shawarar wani maƙwabci ba, da ya ce in shafe shi da baƙin mai. Da na faɗa wa likita, ya ajiye biro ya ce, "Malam, don Allah kada ka yarda. Baƙin mai, kananzir, maganin ƙwarin gona, duk muna ganin karnukan da aka kawo suna dalalar da yawu suna karkarwa saboda su. Wasu ba sa kai gida." Ya rubuta mini sabulun ruwa na karnuka da wani magani mai suna amitraz, da ma'aunin da zan tsarma shi. Ya ce fatar kare ta fi ta mutum laushi, kuma tsaminta ba ɗaya ba ne da tamu, shi ya sa garin sabulun wanki ke kwashe maiƙonta ya bar ta tana farfashewa, karen ya ƙara susa.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Wankan farko. Zan rubuta shi dalla-dalla, don shi zan riƙa bi.

Sanyin hunturu bai gama sakinmu ba, don haka na jira har rana ta take tsaka. Tun da safe na ajiye jarka biyu a rana, na gwada ruwan da gwiwar hannu, ya yi ɗumi irin na wankan jariri. Kafin ruwa ya taɓa shi na ɗauki burushi da mataji na tsefe shi tas. Wannan likita ya ja mini kunne a kai: gashin da ya cukurkuɗe in ya jiƙe ƙara ƙullewa yake yi, dauɗa ta maƙale a ciki. A bayan kunnuwa da ƙarƙashin wutsiya akwai dunƙule uku da suka ƙi mataji, na sa almakashi, amma sai da na fara zura matajin tsakanin fata da dunƙulen don kada in haɗa da nama.

Na cusa masa 'yar auduga a kowane kunne. Babban ɗana ya riƙe wuyan yana yi masa magana, ni kuma na fara zuba ruwa da moɗa daga ƙafafun baya, a hankali, moɗar na kusan taɓa jikinsa. Na lura ba ruwan yake tsoro ba, ƙarar watsawar ce da kuma hannun da ke ɗagawa sama. Ya yi karkarwa, ya matse wutsiya, amma bai yi gurnani ba. Gashinsa hawa biyu ne, na sama ba ya shan ruwa, sai an sa yatsu an buɗa kafin ya isa fata. Kumfar farko ko tashi ba ta yi ba, ruwan da ya sauka jawur yake kamar na kududdufi. A ta biyu ne ta yi fari. Na bar ta minti biyar a jikinsa. Kai na bari a ƙarshe, kuma da tsumma na goge fuskar, don da zarar kan kare ya jiƙe zai girgiza ya jiƙa kowa.

Ɗauraya ta fi wankan cin ruwa. Jarka ɗaya da rabi ta tafi a kanta, musamman hammata da ƙasan ciki inda sabulu ke ɓuya. In aka bar saura, shi ne gobe zai zama ƙaiƙayi.

Bayan na tsane shi da tsohon tawul, na sallami yaron, na sa safar hannu ta roba, na tsarma maganin yadda aka rubuta, na bi jikinsa da soso ban da ido da baki. Shi wannan ba a ɗaurayewa, a jiki yake bushewa. Kyanwar uwargida tana kulle a ɗaki tun safe, don likita ya ce maganin guba ne ga kyanwa da doki. Ragowar ruwan na haƙa rami can nesa da rijiya da wurin kaji na binne. Duna ya so ya yi birgima a turɓaya, na riƙe shi kan dakali har ya bushe. Da yamma ya yi lis, ya ƙi tashi ko da aka buga ƙofa. An riga an faɗa mini maganin na kawo kasala, amma duk da haka sau uku na fita duba numfashinsa cikin dare.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Ya warware. Kaska na ta zubowa da kansu, a bushe. Waɗanda suka rage na cire su da hantsaki: a kama dab da fata, a ja a miƙe ba murɗawa, a jefa cikin gwangwanin kananzir. Na daina ƙirga a 140. Daren jiya sarƙa ba ta yi ƙara ba.

Asabar, 2 ga Maris

Tsugune ba ta ƙare ba. Na zo yin wanka na biyu, na buɗa kunne, sai ga su sun dawo, ƙanana kamar ƙwayar gero, sun fi hamsin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Duna bai fita gidan nan ba, bai haɗu da wani kare ba. Na yi wankan, na sa maganin, amma zuciyata na kan tambaya ɗaya: daga ina?

Lahadi, 3 ga Maris

Na samo su. Da asuba bayan na dawo masallaci na haska bangon lungun da yake kwana, wanda ba a yaɓe ba. Suna hawa bulo a jere, sama suke nufa. Na sa ƙusa na tono wata tsaga, sai ga wata ƙatuwa ta mutu a ciki, gefenta tarin ƙwai masu sheƙi kamar an zuba garin shayi. Buhun da yake kwanciya a kai, wanda ya zo da shi daga gidan Yaya, na ɗaga ɗinkinsa na ga abin da ya tayar mini da tsikar jiki.

Na kira likita. Ya ce irin wannan kaska, ta kare, ba a jeji take zaune ba, a gida take. Sau uku take hawa kare a rayuwarta, kowane hawa ta sha jini ta sauka ta shige tsaga ta yi saɓa. A hawa na ƙarshe tamatar ta cika, ta sauka ta zuba ƙwai dubbai ta mutu. Waɗanda ba su samu jini ba suna iya yin watanni a ɓoye suna jira. Wato mako biyun nan ina ta wanke kare, gidan kaskar na nan ban taɓa shi ba.

Na ƙone buhun. Na mayar da Duna gindin darbejiya na kwana uku, aka fesa wa bangon magani tun daga ƙasa har ƙarƙashin kwano, za a maimaita bayan mako biyu saboda ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Na yi magana da magini, ranar Laraba zai yaɓe lungun. Kafinta kuma zai haɗa mini ɗan gadon katako mai tsawon taki ɗaya daga ƙasa, wanda za a iya ɗagawa a share, ya kuma hutar da gwiwoyin nan.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi ya kai 13, zafi ya sauka da ƙarfinsa. Yanzu ruwan jarka in ya yini a rana sai an surka, jiya da na gwada har ya ƙona ni. Wanka ya koma bayan la'asar.

Duna na zubar da gashin hunturu, duk inda ya kwanta sai ya bar tuli. Ɗana ya ce, "Baba, mu aske shi mana ya huta." Ni ma na so haka, ganin yadda yake zaro harshe yana haki. Likita ya hana. Ya ce kare ba ta fata yake fitar da zafi ba kamar mu, ta hakin nan ne, kuma gashin sama shi ke tare masa rana. Abin da ake so a cire shi ne mataccen gashin ƙasa da ke toshe iska. Sai muka koma burushi kullum, minti goma kafin a sha ruwa. Yaron ya karɓi aikin da kansa, kuma hannunsa ya fi nawa sanyi. Yana ɗauko burushin, Duna zai miƙe ya juya masa baya. Kaskar yau: bakwai.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi sallah lafiya. Yau farce. Tun da aka yaɓe wurin nake jin ƙwas-ƙwas in yana tafiya. Matsalar baƙin farce ita ce ba a ganin inda jijiya ta tsaya, don haka kaɗan-kaɗan na riƙa datsewa, ina duba bakin yankan. Na ɗan yatsan nan na sama, wanda ba ya taka ƙasa, ya lanƙwashe har ya kusa shiga nama. A nan na zarce, ya yi ƙara, jini ya fito. Na danna masa garin sitaci na riƙe, ya tsaya. Na dakata da aikin a nan, na zauna da shi har ya ɗora haɓarsa a gwiwata. Ƙafa biyun da suka rage sai wani makon.

Ƙudaje sun fara cin bakin kunnuwansa, sun yi baƙin ɓawo. Ina wankewa da ruwan ɗumi in shafa basilin da kauri safe da yamma. Kashinsa kuma yanzu sau biyu ake kwashewa a rana.

Asabar, 18 ga Mayu

Ruwa ya sauka, ya zo da nasa. Ina goge masa ciki na ji ƙuraje huɗu masu tauri, kowanne da ɗan rami a tsakiya, yana ta lasarsu. Na matsa ɗaya a hankali, sai na ga abu fari na motsi. Na ɗauki hoto na tura wa likita ta WhatsApp. Ya ce tsutsar wani ƙuda ce da ke zuba ƙwai a ƙasa mai inuwa, inda fitsari ya jiƙa. In dabba ta kwanta, tsutsar ta huda fata ta zauna ciki kwana takwas zuwa goma sha biyu tana girma. Ita ce kuma ke shiga jikin yara in an shanya kayansu a ƙasa. Ramin nan ta nan take numfashi. Na toshe kowanne da basilin, na jira kamar rabin sa'a, suka leƙo, na matsa daga gefe biyu suka fito ɗungurungum. Likita ya ce a kula kada ta fashe a ciki. Na wanke wurin na sa maganin ciwo.

Gindin darbejiyar nan ne, inda yake son kwanciya da rana. Na kwashe ƙasar sama, na zuba tsakuwa. Na kuma roƙi uwargida a daina shanya kayan auta a kan ciyawa, a riƙa yi musu guga. Ba ta yi musu ba, don ita ta riƙe mini tocila lokacin da nake matso ta ƙarshe.

Asabar, 22 ga Yuni

Ragon layya ya yi kwana shida a gidan nan kafin sallah, ɗaure nesa da Duna, amma duk da haka na cire masa wasu manyan kaska biyar masu zane a baya, ba irin waɗanda na sani ba. Baɗi in Allah ya kai mu, ragon za a fara dubawa a wanke kafin ya shigo.

Da damina bushewa ce wahala. Ranar Talata ruwa ya doke shi, gashin ƙasa ya kwana da laima, washegari wari ya tashi. Ban yi masa wanka ba, na tsane shi da tawul biyu na tsefe shi a rana, warin ya tafi. Tun da aka daina amitraz a watan jiya, wankan sabulu ya koma sau ɗaya a wata, sai in ya shiga taɓo, shi ma ruwa zalla ya isa.

Asabar, 6 ga Yuli

Kilo 23 a sikelin asibiti. Dasashi ya yi ja. Gashi ya fara tsirowa a gefen kantar gwiwa ta dama, ta hagu tana nan yadda take. Bakin kunne ɗaya ya warke, ɗayan ƙudaje sun sake buɗe shi, na koma shafa mai. Kaska a makon nan: biyu, duka tsakanin yatsu.

Likita ya yi mini maganar ƙwayar Bravecto, wadda kare ke taunawa ta kare shi daga kaska da ƙuma har mako 12. Kuɗinta da nauyi, na ce a bar ni zuwa ƙarshen wata in gani. Yau da safe na ga sabuwar tsaga a yaɓen lungun, daga sama inda ruwan indararo ke bugu, na sa ƙusa na duba ba komai ciki tukuna. Magini ya ce zai zo Litinin. Wanka na gaba 20 ga wata, in an samu rana.